Littattafan Yara Masu Hotuna a Kan Tutar Ƙasa: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Ke Yawan Yi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa duk lokacin da aka ɗauko maganar littattafan yara masu hotuna da ke koyar da tarihin tuta da ma'anarta. Wasu amsoshin za su ɗan yi tsawo, a yi haƙuri, maganar ce ta buƙaci haka.

Wai don Allah me za a rubuta a kan tuta har ya cika littafi guda? Ba layi biyu ba ne, kala kaza na nufin kaza?

Ai nan matsalar take. Da yawanmu haka aka koya mana, ka haddace kore kaza fari kaza ka rubuta a jarrabawa ka wuce, shi ya sa yaro zai girma yana ganin kamar tuta wani abu ne da aka iske haka nan tun farkon duniya. Alhali kowace tuta mutane ne suka zauna suka zaɓe ta, wani ya zana, wani ya ce a cire wannan, an yi gardama, an ɗinka, an ɗaga ta ranar farko jama'a na kallo. Wannan labarin shi ne littafin.

Ɗauki tutar Najeriya. Wani ɗalibi ne mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan, ya ga tallar gasa a jarida ya zana ya aika, aka zaɓi nasa a 1959, aka ba shi kyautar fam 100. Kuma a zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar ne suka cire ta, sannan aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba 1960. To ka gwada nuna wa yaro shafi biyu gefe da gefe, ɗaya da ranar ɗaya babu, ka tambaye shi wanne ya fi masa kyau, wallahi sai kun jima kuna magana, kuma ba zai manta ba. Ko ta Ghana, wadda mace ce ta zana ta, Theodosia Okoh, aka ɗaga ta ranar 6 ga Maris 1957. Yarinya ta ji cewa mace ce ta zana tutar ƙasa guda, wannan kaɗai ya biya kuɗin littafin.

Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Ɗan shekara 2 zuwa 3 kala da siffa kawai yake so, ga tauraro, ga wata, ga ja, a samo masa mai shafukan kwali wanda ba ya yagewa. Daga 4 zuwa 7 shi ne lokacin labari, mutum ɗaya da abin da ya yi. Daga 8 zuwa sama za a iya shigo da shekaru, taswira, tsohuwar tuta da sabuwa, da dalilin canji. Amma kin fi kowa sanin ɗanki, Hajiya, in ya ƙosa a rufe a dawo gobe.

Ta yaya zan gane littafi mai kyau kafin na saya?

Fara duba tutar kanta tukuna, kafin ka karanta ko kalma ɗaya. Ka ƙirga. Tutar Amurka taurari 50 ne da ratsi 13, bakwai ja shida fari, jan ne a sama jan ne a ƙasa. Wilin da ke tsakiyar tutar Indiya sanduna 24 gare shi. Ganyen tutar Kanada tsini 11. Taurarin Brazil 27. In mai zane bai damu ya ƙirga waɗannan ba to ina tabbatar maka bai damu da tarihin ba ma. Yara kuwa suna ƙirgawa, za ka ga ɗan yatsa a kan shafi yana bi ɗaya bayan ɗaya.

Sai siffa. Akwai littattafan da ke matse duk tutocin duniya cikin akwati iri ɗaya saboda shafi ya yi kyau, sai ka ga ta Suwizalan an ja ta ta yi tsawo alhali murabba'i ce, tsawonta da faɗinta ɗaya, haka ta Vatican. Ta Nepal ma ba kusurwa huɗu gare ta ba sam, kamar alwatika biyu ce ɗaya kan ɗaya, har a kundin tsarin mulkinsu an rubuta yadda za a zana ta mataki-mataki. Ta Najeriya tsawonta ninkin faɗinta ne sau biyu.

Bayan nan ka juya ƙarshen littafin. Mai kyau yakan ajiye shafi ɗaya ko biyu na manya, inda marubuci zai faɗi shekaru da abin da ya tabbata da wanda ake faɗa kawai. Ni a wurina wannan shafin ya fi bango mai sheƙi daraja nesa ba kusa ba.

Abu na ƙarshe, ka duba ko akwai mutane a cikin hotunan. Littafin da daga farko har ƙarshe tuta ce kawai tana kaɗawa a kan sanda, shafi bayan shafi, yaro zai gaji a shafi na huɗu. Ana so a ga mai ɗinki da almakashi a hannu, a ga taron da ya tsaya cikin dare yana jiran a sauke tsohuwa a ɗaga sabuwa, a ga fuskoki.

Na ga littafi biyu, kowanne da ma'anar da ya ba kala ɗaya. Wanne ne gaskiya?

Sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya kai tsaye, kuma babu wanda ya faɗi gaskiya duka. Mutane suna ɗauka kowace ƙasa ta rubuta ma'anar kalolinta a doka, abin ba haka yake ba. Lokacin da majalisar Amurka ta amince da tutarta ranar 14 ga Yuni 1777 ba ta faɗi ma'anar ja da fari da shuɗi ba ko kaɗan, ma'anonin da ake yawo da su an ɗauko su ne daga bayanin da sakataren majalisar, Charles Thomson, ya yi wa hatimin ƙasar a 1782. Afirka ta Kudu ma da ta ɗaga sabuwar tutarta mai kala shida ranar 27 ga Afrilu 1994, wadda Frederick Brownell ya tsara, ba a ɗora wa kalolin wata ma'ana a hukumance ba, abin da aka fi bayyanawa shi ne layukan nan da suka taho daban-daban suka haɗe suka zama hanya ɗaya. Tutar Nijar kuwa, da aka amince da ita a Nuwamba 1959, za ka ji ana cewa ruwan goron na sama Sahara ne, koren na ƙasa yankin noma na kudu, da'irar tsakiya rana, wasu kuma su faɗi wani abu daban.

Don haka littafin da ya ce "mutane da yawa suna cewa" ya fi mini wanda ya yanke hukunci kamar shi ya zana. Kuma yaro ba ya ruɗewa da wannan fa, mu manya ne muke tsoron za a ruɗe. Ka ce masa wasu sun ce kaza wasu sun ce kaza, kai me ka gani, za ka sha mamakin amsarsa.

Labarin matar nan da aka ce ita ta ɗinka tutar Amurka ta farko fa? Yana cikin littattafai da yawa.

Betsy Ross kenan. Matar gaskiya ce, ta rayu a Philadelphia, kuma ta ɗinka tutoci a sana'arta, wannan ba gardama. Amma labarin cewa George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya je har shagonta ya ba ta aikin tuta ta farko, ta nuna masa yadda ake yanka tauraro mai tsini biyar da almakashi sau ɗaya, jikanta William Canby ne ya fito da shi bainar jama'a a 1870, kusan shekara ɗari bayan lokacin da ake cewa abin ya faru, kuma masana tarihi ba su samu takarda daga wancan zamanin da ta tabbatar ba. Irin wannan akwai a wurare da yawa, mutanen Denmark suna da labarin cewa tutarsu daga sama ta faɗo ana tsakiyar yaƙi a ƙasar Estoniya a 1219.

Ban ce a jefar da irin waɗannan littattafan ba, labaran suna da daɗi kuma su ma wani ɓangare ne na yadda mutanen suke kallon kansu. Abin da nake roƙo kawai a faɗa wa yaro cewa wannan labari ne da ake bayarwa, wannan kuma an tabbatar da shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne akwai labaran gaskiya masu daɗi da ake tsallakewa, kamar na Mary Pickersgill wadda a 1813 ta ɗinka wata ƙatuwar tutar Amurka mai tsawon ƙafa 42 da faɗin ƙafa 30 tare da 'yarta da wasu 'yan mata masu taya ta, mai taurari 15 da ratsi 15, ga shaidar biyan kuɗin aikin, ga tutar kanta har yau tana gidan tarihi a Washington. Wannan ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Jan da ke tutoci da yawa an ce jini ne. Zan faɗa wa ɗan shekara biyar haka?

Za ki faɗa, amma da lafazin da zai iya ɗauka. A tutar Kenya da ta Ghana jan yana tuna waɗanda suka rasa rayukansu wajen neman 'yanci, ta Kenya ma ga garkuwa da mashi biyu a tsakiya, ta Mozambik kuwa har bindiga ce a jiki tare da fartanya da littafi. Yaro zai gani kuma zai tambaya, ɓoyewa ba ta da amfani. Ya isa ki ce akwai lokacin da wasu daga waje suke mulkin ƙasar, mutanen ƙasar suka ce a'a, wasu sun sha wahala wasu sun mutu, shi ne aka sa ja don kar a manta da su. Shi kenan, in ya ƙara tambaya ki ƙara amsa. Littafin da zan guje wa shi ne wanda ya zana gawarwaki, ko wanda ya zana ɗaya ɓangaren kamar dodanni ba mutane ba.

Ba farfaganda ba ce kuwa duk wannan? Ana cusa wa yara son gwamnati tun suna ƙanana.

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma akwai littattafan da haka suke, kowane shafi mu ne mafifita, ƙasarmu ba ta taɓa kuskure ba. Ana gane su da wuri, ba sa barin wurin tambaya.

Amma tarihin tuta na gaskiya shi ne ma maganin wannan, domin cike yake da mutane suna musu. Mutanen Kanada sun kwashe watanni a 1964 suna cacar baki a majalisa kafin a ɗaga mai jan ganyen nan ranar 15 ga Fabrairu 1965, wasu har ransu ya ɓaci sosai don ba sa son rabuwa da tsohuwar. Mutanen New Zealand sun kaɗa ƙuri'a a 2015 da 2016 kan ko a canza, a ƙarshe suka ce a bar musu tasu. Yaron da ya san haka ya san cewa 'yan ƙasa suna da bakin magana a kan abin da ke wakiltarsu, kuma ya fara gane cewa ƙasa daban, wanda ke kan kujera daban. Ni ina son yaro ya so ƙasarsa, so na wanda ya san labarinta mai daɗi da mara daɗi.

Tutar ƙasarmu kawai zan koya masa ko har da na wasu?

Fara da tasa, sannan ta maƙwabta, sannan sauran. Sai an jera su ake ganin zumuncin da ke tsakani. Me ya sa ja da rawaya da kore suka cika tutocin Afirka, Ghana, Gini, Mali, Senegal, Kamaru, Benin? Saboda Habasha, wadda ta ci Italiya da yaƙi a Adwa a 1896 ta tsira da 'yancinta, sai ƙasashen da suka samu 'yanci daga baya suka ari kalolinta. Ba za ka ga wannan ba in tuta ɗaya kawai kake kallo.

Ɗiyata tana rikita tutoci masu kama da juna, laifin littafin ne?

Ba laifin kowa ba ne, manya ma suna rikitawa. Chadi da Romaniya kusan abu ɗaya ne, sai dai shuɗin Chadi ya ɗan fi duhu. Indonesiya da Monako ja a sama fari a ƙasa, bambancin a tsawo ne, in ka juya kuma ka samu ta Poland. Kwaddibuwa ruwan goro ne a gefen sanda, Ireland kore ne a gefen sanda. Nijar da Indiya, ki nuna mata tsakiya, ɗaya da'ira ce ruwan goro ɗaya wili ne shuɗi. Ki mayar da shi wasan nemo bambanci, yara suna so.

Sai dai in kin lura ja da kore ne kullum suke ba yaro wahala, ba a tuta kaɗai ba, to a kai shi a duba idonsa, akwai masu matsalar bambance waɗannan kaloli tun haihuwa kuma ta fi yawa a yara maza. Irin wannan yaron a koya masa da siffa da jeri, tauraro nawa, ratsin a tsaye yake ko a kwance, kar a yi ta masa faɗa.

An ba mu tsohon littafi, zan iya amfani da shi?

Duba shekarar bugu. Tutoci suna canzawa fiye da yadda ake zato. Ruwanda ta canza tata a 2001, bayan kisan ƙare dangi na 1994, ta bar mai harafin R ta koma shuɗi da rawaya da kore da rana. Libiya daga 1977 zuwa 2011 kore ce zalla ba komai a jiki. Malawi ta canza a 2010 ta koma tsohuwar a 2012. Muritaniya ta ƙara jan ratsi biyu sama da ƙasa a 2017. Ta Amurka ma mai taurari 50 sai 4 ga Yuli 1960 ta fara aiki bayan shigowar Hawaii cikin jihohin ƙasar, don kowane tauraro jiha ɗaya yake wakilta. Kar a yar da tsohon littafin, a ajiye shi kusa da sabo a tambayi yaro me ya canza, daga nan sai a shiga dalili.

Tutocin da ke ɗauke da kalmar shahada fa, ga yara suna yar da littafi a ƙasa?

Damuwa ce mai tushe. Tutar Saudiyya kalmar shahada ce a jikinta, shi ya sa ma ba a sassauto da ita rabin sanda lokacin makoki kamar sauran. In littafin yana da irin wannan shafin, a ajiye shi a sama a riƙa karantawa tare, kar a bar wa mai rarrafe. Wajen aikin yanka takarda da shafa kala ma a zaɓi wata tutar daban.

Yaya zan karanta masa ya shiga kansa?

Kar ka mayar da shi jarrabawa, wannan shi ne babba. Karo na farko ku bi labarin kawai ba tsayawa. Karo na biyu ka bar shi ya riƙe littafin ya nuna maka abin da ya gani, za ka ga ya tsaya a wani ɗan abu a lungun hoto da kai ba ka ma lura da shi ba, ka bi shi a haka. Daga baya ka ba shi takarda da fensirin kala ka ce ya zana tutar gidanku ko ta ajinsu, da sharaɗi ɗaya, duk kalar da ya sa sai ya faɗi dalili. A nan ne yake gane cewa ma'ana mutum ne ke sa ta.

In ya ce ai yara ba sa zana tuta, ka ba shi labarin Susan Karike, 'yar makaranta mai shekara 15 da ta tsara tutar Papua New Guinea da aka amince da ita a 1971, baƙi da ja, da tsuntsu da taurari biyar. Da Benny Benson, ɗan makarantar da zanensa ya ci gasa a 1927 ya zama tutar Alaska, wadda yanzu jiha ce a Amurka, taurari takwas a kan shuɗi.

Ban samu irin wannan littafin da harshenmu ba, ina so na rubuta. Ta ina zan fara?

Allah Ya ba da sa'a, kuma don Allah ki yi, ana buƙata. Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne saboda yadda ake ninke takarda a maɗaba'a, in kin cire shafin suna da na bayanai abin da zai rage miki bai kai haka ba, don haka ba wurin zuba duk tarihin ƙasa. Zaɓi mutum ɗaya ko rana ɗaya ki riƙe. Jimla biyu ko uku a shafi sun isa, abin da hoto ya nuna kar ki sake faɗa da rubutu.

Kowace shekara da kowane suna ki tabbatar daga wuri fiye da ɗaya, don a intanet kuskure ɗaya ake ta kwafa ana yaɗawa. Ki nemi dokar ƙasar da ta yi bayanin tutar ki ba mai zane ma'auni da kalolin daidai, ki kuma nemi a buga miki gwajin shafi ɗaya kafin a buga duka, saboda koren da kika gani a fuskar kwamfuta ba lallai shi zai fito a takarda ba, ruwan goro ma yakan koma ja. In da manhajar ƙirƙirarriyar basira za a yi hotunan to sai an sa ido sosai, tana yawan ƙara tauraro ko ta rage ratsi ko ta juya jerin kala, gara a zana tutar daban da hannu ko da ma'auni sannan a ɗora ta a hoton. Wasu ƙasashen kuma suna da doka kan amfani da tuta da tambarin ƙasa a kayan sayarwa, ki bincika ta inda za ki buga.

Kafin ki kai maɗaba'a ki tara yara kaɗan masu shekarun da kike nufi ki karanta musu da baki, ki kalli inda suka fara waige-waige, wannan shafin ki koma ki gyara shi.